GARGAƊI: KADA A FASA ƘURAJEN RUWA NA HANNU DA ƘAFA

Jama'ar Duza da sauran garuruwan Anka, Gummi da Bukkuyum, musamman masu wankin ƙasar zinare, manoman fadama, magina da mata masu wanki da wanke-wanke: duk wanda ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso masa a tafin hannu, ko gefen yatsu, ko tafin ƙafa, ya bar allura da reza su huta. Kada ya fasa, kada ya zuba musu kalanzir, ko man birki, ko ruwan batir, ko toka da kanwa. Ƙurajen nan ba su cika nakasa mutum ba. Abin da ake zuba musu ne yake mayar da su gyambo.

Ga yadda ake gane su. Ƙaiƙayi ne ko zafi ke fara zuwa, sannan ƙurajen su fito kamar tsabar gero a can ƙarƙashin fata, wani lokaci su haɗe su zama babban bororo. Da dare ƙaiƙayin ya fi hana sukuni. Bayan mako biyu zuwa uku sai su bushe, fata ta riƙa ɗayewa, ta yi kaushi, ta tsattsage. A wajen mutane da yawa abin yakan lafa ya sake dawowa, musamman lokacin zafi da gumi.

Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Ruwan da ke cikin ƙurajen ba ya yaɗa cutar, don haka babu dalilin ware wa mutum kwano ko ƙin gaisawa da shi. Sau da yawa fata ce ta gaji da abin da take taɓawa. Hannun da ke yini cikin ruwa da omo yana rasa maiƙon da ke kare shi. Ɗanyen siminti yana ɗauke da sinadarin kurom mai tayar da fata. Zobe da awarwaro masu araha sukan ƙunshi nikel. Ƙafar da ta yini tana gumi cikin takalmin roba ita ma haka. Sai taki da maganin feshi da ake damawa da hannu tsirara, da baƙin dayis da ake haɗawa da lalle don kwalliyar biki. Akwai kuma wanda cin ruwa ne ke tsakanin yatsun ƙafarsa, amma sai ƙurajen su bayyana a hannu; irin wannan, sai an magance na ƙafar hannun zai lafa. Damuwa da rashin barci suna ƙara tayar da shi, mu kuwa a wannan yanki ba mu rasa su ba.

Masu aikin zinare, maganar ta fi shafarku. Ba wanda ya manta 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dalma ba ita ke kawo waɗannan ƙuraje ba, ta baki da numfashi take shiga jiki. Amma ku dubi hannun da ya tsattsage, aka shafe shi da mai, ya kwashi ƙurar niƙa, sannan aka tsoma shi cikin tuwo ko aka ɗauki yaro da shi. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a canja kayan aiki kafin shiga gida. Shi kuwa mai murza zaiba da tafin hannu, zaibar kanta tana iya tayar da fata, hayaƙinta kuma idan ana ƙonawa ya fi komai haɗari. Mai buɗaɗɗen rauni ya dakata da wannan aiki har ya warke.

Abin yi a gida ba shi da tsada. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a ɗora kamar minti 15, a tsane wurin ba tare da gurzawa ba, a shafa basilin ko man kaɗanya marar turare. A maimaita shafawar bayan kowane wanki da kowace alwala, a kuma tsane tsakanin yatsu da kyau. Wanda raunin ya hana shi taɓa ruwa ya tambayi malamai hukuncin shafa a kan bandeji. A cire zobe, a yanke farce. Idan aikin ruwa ya zama dole a sa safar roba, amma da ta auduga a ciki, kuma a cire da zarar hannu ya yi gumi.

Maganin asibiti shi ne man shafawa mai sitiroyid, irin su betametason, na ɗan lokaci, galibi kamar mako biyu, da ƙwayar rage ƙaiƙayi da dare. Babban bororo ma'aikacin lafiya ne zai tsiyaye shi da allura mai tsabta. Kada a je kemis a ce “ba ni mai kashe komai”. Waɗannan mayuka masu haɗin magani uku a kwali ɗaya suna kwantar da ƙaiƙayi, su ɓoye ainihin cutar, kuma idan aka daɗe ana shafawa fata takan sirance. Ballantana ma ba kowane ƙurji ne wannan ba. Ƙazuwa takan kama 'yan gida ɗaya, ta fito har a wuyan hannu da kwankwaso, kuma maganinta daban. Ƙuraje tare da zazzaɓi da kaluluwa, ko yaro mai ƙuraje a hannu da ƙafa da cikin baki, wannan sai an duba a asibiti.

A tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, idan wurin ya fara mugunya ko ɓawo mai ruwan zuma, ko ya kumbura yana zogi, ko zafin ya fara hawa hannu ko ƙauri, ko zazzaɓi ya shigo. Mai ciwon suga kada ma ya jira ko ɗaya daga cikin waɗannan idan a ƙafa ne. Mun san halin da hanyoyinmu suke ciki, shi ya sa ya fi kyau a fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum tun abin yana ƙarami, kafin ya kai ga neman motar Gusau ko Sakkwato.

Limamai, masu unguwanni da shugabannin masu haƙar zinare, don Allah a isar da wannan ga waɗanda ba su karanta ba.