Tiyatar Zuciya Ta Baifas: Turawa Na Rage Yin Ta, Mu Kuma Muna Neman Ta

Uwargida, ranar da likita ya ce jijiyoyin zuciyar maigida ko Baba sun toshe, gida kan yi tsit. Daga nan sai shawara ta rabu biyu: a buɗe ƙirji ko a saka raga?

Baifas dai kamar titin nan ne da ake gewaye cunkoson gari da shi. Likita zai ciro lafiyayyar jijiya daga ƙafa, hannu ko cikin ƙirji, ya jona ta yadda jini zai tsallake inda kitse ya toshe. Wani likita ɗan Ajantina, René Favaloro, ya kafa tubalin aikin a Cleveland ta Amurka a 1967, ya kuma bazu a duniya.

A 1977 kuwa, a birnin Zurich, aka fara zura siririn bututu mai 'yar balan-balan a buɗe jijiyar ba tare da tsaga ƙirji ba. Daga baya aka ƙara 'yar ragar ƙarfe da ke riƙe ta a buɗe. Kwana ɗaya ko biyu an sallami mutum. Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1990 baifas ke raguwa a Amurka da yammacin Turai, ga kuma magungunan rage kitsen jini da raguwar shan taba.

Indiya kuwa ta zama kasuwar aikin. Asibitocin Narayana na Dakta Devi Shetty sun yi suna wajen yin sa da rahusa, kin kuma san yadda mutanenmu ke haɗa kuɗi su tafi can ko Masar. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya tun 1974 a Enugu, amma har yau wuraren yin ta kaɗan ne.

Sai dai kada sauƙin raga ya ruɗe ki. Wani babban bincike da aka fitar a 2012 ya nuna masu ciwon suga da jijiyoyi da yawa suka toshe musu sun fi tsawon rai da baifas. Gidajenmu kuwa ba sa rasa mai suga. Don haka ki tambayi likita: jijiya nawa ce ta toshe, kuma ya sa sugan a lissafi?

In baifas aka yi, ƙashin ƙirji na buƙatar mako shida zuwa goma sha biyu ya haɗe. Ko maigida ya yi gardama, ki hana shi ɗaukar kaya masu nauyi, tuƙi ma sai likita ya yarda.