Yadda Aka Gina Majami'ar San Deni ta Faransa

Wanda ya shiga majami'ar San Deni, arewa da birnin Paris, sai ya zaci ginin zamani guda ne. Ba haka al'amarin yake ba. Daki-daki aka gina ta, a gidan zuhudu inda ake binne sarakunan Faransa.

An buɗe tsohon ginin a shekara ta 775. Da tafiya ta yi tafiya sai ya yi wa masu ziyara kaɗan, har akan tattake juna ranar buki. Saboda haka Suje, shugaban gidan, ya sāke fuskar yamma, aka gama a 1140. Nan take ya koma ɓangaren gabas, inda bagadi yake. A nan magina suka ɗora nauyin rufi bisa bakuna masu tsini da siraran ginshiƙai, bango ya huta, aka sami wurin manyan tagogin gilashi masu launi. An buɗe shi a 1144, kuma daga gare shi ake lissafin mafarin salon ginin Gotik.

Amma Suje ya rasu a 1151, tsohon zauren tsakiya yana nan yadda yake. Sai a 1231 aka shiga sāke shi, aikin da ya ci shekara hamsin, ya ƙare a 1281.

Abin lura shi ne, maginan baya ba su share aikin magabata duka ba. Sun bar ƙofofin yamma da ɗakunan addu'a na gabas, suka ɗora nasu a kai.