Ko Kun Sani? Hannun da mota ke bi yana tona shekarun hoto

Idan kuka sami tsohon hoton wata unguwa a Kano, ko Fagge ko Sabon Gari, babu kwanan wata a bayansa, ku fara duba titi. Motoci a Najeriya hannun hagu suke bi, irin na Ingila, har ranar 2 ga Afrilu, 1972 da aka koma hannun dama. Saboda haka hoton da ya nuna motoci na tafiya ta hagu an ɗauke shi ne kafin wannan rana. A Ghana sai a 1974 aka yi wannan sauyi, don haka hoton zangon Kumasi lissafinsa daban ne.

Sai dai a yi hattara: wani lokaci mai wanke hoto yakan kifa fim ɗin, hagu ta koma dama. Maganin wannan shi ne a nemi rubutu a jikin allon kanti ko lambar mota. In ya fito a birkice, hoton ne aka juya.

Allon kantin ma shaida ne. Farashi da fam da sule na nuna zamanin da ya gabaci naira da kobo, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1973. In kuwa layin dogo ya fito, hoton bai girmi 1911 ba, shekarar da dogo ya iso Kano.

Sunan unguwa kuwa, babu kamar a kai wa dattawan wurin. Sukan gane kududdufi ko lungu ko da an daɗe da cike shi ko rushe shi.