Jita da Murya: Dalilin Dawowar Waƙoƙin Natsuwa

A shekarar 1988, lokacin da kiɗan inji ya cika gidajen rediyon Amurka, wata matashiya 'yar Cleveland mai suna Tracy Chapman ta fitar da kundinta na farko. Jita ce da murya, sai ɗan kiɗan rakiya. Ranar 11 ga Yuni ta hau dandamalin Wembley a Landan, wurin taron cikar Nelson Mandela shekara 70, shi kuwa yana kurkuku. Da kayan kiɗan Stevie Wonder suka samu matsala, sai aka sake turo ta ta cike gurbi, daga ita sai jitarta. Kundin ya hau mataki na ɗaya a Amurka da Birtaniya, ta kuma ci lambar Grammy uku a 1989.

Wasu za su ce sa'a ce, kuma akwai ta. Amma sa'ar ta tarar da kunnuwan da suka gaji da hayaniya. Nick Drake na Ingila ya fitar da irin wannan kundi a 1969, ba a saya ba, har ya rasu a 1974 yana ɗan shekara 26. Sai da wani tallan motar Volkswagen ya ɗauki waƙarsa a 1999 jama'a suka waiwaye shi.

Arahar kayan naɗi ita ce ta ƙara buɗe ƙofa. Justin Vernon, wanda aka sani da Bon Iver, ya naɗi kundinsa na farko da wannan suna a bukkar farautar mahaifinsa a Wisconsin cikin hunturu, ya fitar da shi da kansa a 2007. Ga kuma iyafis: wanda ya toshe kunne shi kaɗai ya fi jin daɗin muryar da ke yi masa raɗa.

Ribar a fili take, matashi ba ya jiran wani kamfani. Illar ce ta fi damuna. A Spotify an mayar da irin waɗannan waƙoƙi abin rakiyar karatu da barci, sai masu kwaikwayo suka ɗauki sanyin muryar suka bar saƙon. Chapman kuwa talauci da rashin aikin yi take waƙa, shi ya sa waƙarta ba ta tsufa ba. Da Luke Combs ya sake rera waƙarta "Fast Car" a 2023, Chapman ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar waƙar shekara ta CMA, ƙungiyar kiɗan country ta Amurka.