Daga Fayil Zuwa Allon Waya: Yadda Ake Koya Wa Ma'aikata Da Ɗaliban Birnin Kano Fasahar Zamani

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata ko Mandawari a lokacin rajistar JAMB ya san yadda shagunan kwamfuta ke cika maƙil. Matashi na riƙe da waya mai tsada, yana iya yanka bidiyo ya ɗora a TikTok cikin minti biyar, amma idan aka zo buɗe imel ko ɗora takarda a shafin makaranta sai ya miƙa wa mai shago kuɗi da lambar sirrinsa gaba ɗaya. A ofisoshi ma haka abin yake ta wata fuskar: ma'aikaci ya ƙware a WhatsApp, amma har yanzu fayil ɗin mutum sai masinja ya ɗauka daga wannan tebur zuwa wancan.

Wannan giɓin da ke tsakanin riƙe waya da iya aiki da ita shi ne shirye-shiryen horon fasahar zamani ke ƙoƙarin cikewa. To su wa ke bayar da horon, me ake koyarwa, kuma me ya shafi ɗan Yakasai ko 'yar Gwale a ciki?

Ba yau Kano ta fara ba

Birnin Kano ya saba da sake koyon aiki idan zamani ya juya. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, inda aka koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai rubutun boko da lissafi domin su riƙe aikin hukuma. Malaman da suka iya ajami tun tuni sai ga su suna koyon sabon salon ajiye lissafin haraji. A wancan lokacin boko ne sabuwar fasaha, kuma wanda ya koya shi ne ya riƙe alƙalamin ofis.

Ko a zamanin kwamfuta an yi yunƙuri. Dogon benen nan na Ƙofar Nasarawa, Gidan Ado Bayero, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ware shi ne domin ya zama cibiyar fasahar sadarwa, kafin ya koma mazaunin Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012 zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso. Gwamnatin Kwankwaso kuma ta buɗe cibiyar koyon kwamfuta a Kura. A baya-bayan nan jihar ta kafa hukumarta ta bunƙasa fasahar sadarwa mai suna KASITDA.

Su wa ke bayar da horon?

A matakin tarayya, babbar mai ruwa da tsaki ita ce NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 2001, kuma Kashifu Inuwa Abdullahi ke shugabanta tun 2019. Hukumar na da shiri mai suna DL4ALL, wato ilimin fasahar zamani ga kowa, wanda burinsa shi ne kashi 70 cikin 100 na 'yan Najeriya su samu wannan ilimi zuwa 2027, sannan kashi 95 zuwa 2030. Tana aiki da masu yi wa ƙasa hidima domin su koyar a garuruwan da aka tura su, tana kuma aiki da ofishin shugaban ma'aikatan tarayya wajen horar da ma'aikata. Ofishin, ƙarƙashin Didi Esther Walson-Jack, ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatun tarayya za su bar aiki da takarda su koma na'ura.

Sai shirin 3MTT da ministan sadarwa Dakta Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 da nufin horar da matasa miliyan 3. An fara da mutum 30,000, zango na biyu kuma aka ware gurbi 270,000. Ana koyar da ƙirƙirar manhaja, nazarin bayanai, tsaron intanet, zanen fuskar manhaja, ƙirƙirarriyar basira da sauransu. Ana yin karatun ta intanet, sannan a riƙa haɗuwa ido da ido a cibiyoyin da aka zaɓa a kowace jiha, har da Kano.

Akwai kuma Digital Bridge Institute, makarantar da hukumar sadarwa ta NCC ta kafa a 2004, wadda ke da reshe a Kano, kuma ta daɗe tana horar da malaman manyan makarantu da ma'aikata. A ɓangaren ƙungiyoyi masu zaman kansu, cibiyar CITAD da ke Kano, ƙarƙashin Y.Z. Ya'u, ta shafe shekaru tana koya wa matasa da mata kwamfuta, tana kuma kokawa kan yadda ake barin mata a baya wajen amfani da intanet.

Me ma'aikaci ke koya?

Mutane da yawa na ɗauka horon na nufin a koya wa ma'aikaci buga wasiƙa a kwamfuta. Wannan matakin farko ne kawai. Ainihin abin da ake nema shi ne a sauya hanyar da aiki ke bi.

A tsohon tsari fayil ɗaya ne tak. Idan yana teburin wani, kowa sai ya jira. Idan ruwa ya ci shi ko gara ta cinye, ko wani ya ɓoye shi da gangan, magana ta ƙare. A tsarin na'ura kuwa, ana ɗaukar hoton takarda a ba ta lamba, a adana ta a rumbun bayanai. Duk wanda ya buɗe ta ko ya sauya wani abu, na'urar na rubuta sunansa da ranar da lokacin. Shugaba na iya gani daga ofishinsa cewa takarda ta kwana goma a wurin wane ba ta motsa ba. Wannan sawun da ake bari shi ne ke rage "dawo gobe" da neman na goro.

Batun filaye misali ne da ya shafi cikin birni kai tsaye. A unguwanni irin su Zage, Sharifai da Koki, gidaje da yawa na gado ne, an raba su tsakanin magada sau da dama, kuma shaidar wasu ba ta wuce takardar mai unguwa ko ta kotu ba. Hukumar KANGIS ta jihar na aikin mayar da bayanan filaye cikin na'ura, inda ake haɗa taswira da sunan mai fili. Idan an yi shi daidai, sayar da fili ɗaya ga mutum biyu zai yi wuya. Amma ma'aikacin da bai ƙware ba idan ya shigar da suna ko lamba a karkace, kuskuren zai bi mai gidan duk inda ya je.

Shi ya sa horo mai kyau ke haɗawa da kare bayanan jama'a. Tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanai, da hukumar NDPC mai sa ido a kai. Ma'aikacin lafiya da ya ɗauki hoton katin majinyaci ya tura a zauren WhatsApp na abokai, ko ma'aikacin da ya rubuta kalmar sirrin ofis ya manna a jikin kwamfuta, ya buɗe ƙofar da a da sai an fasa kabad ake shiga.

Wasu ƙasashen sun nuna inda hanyar ke kaiwa. A Ruwanda, shafin Irembo da aka buɗe a 2015 ya ba mutane damar neman takardar haihuwa da wasu takardun hukuma ta waya, kuma wanda bai iya ba yana zuwa wurin wakilin da aka horar a unguwarsa.

Ɗalibi kuma fa?

Ga ɗalibi, zaɓi ya riga ya ƙare. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya, kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. WAEC ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024. Bashin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ta intanet kawai ake nemansa.

A nan ne ake tafka asara. Yaro mai ƙoƙari daga makarantar gwamnati, wanda ya haddace darasinsa tsaf, zai iya shiga ɗakin jarrabawa ya ɓata minti ashirin yana kokawa da linzamin kwamfuta saboda ranar ce ya fara taɓa shi. Wani kuma mai shago ne ya buɗe masa imel, bai san kalmar sirrin ba, ranar da makaranta ta turo saƙo babu yadda zai gani. Waya na taimakawa, amma danna allo da babban yatsa daban yake da zama gaban madannai.

Ƙwarewar da ake so ɗalibi ya fita da ita ba ta da yawa a matakin farko: ya mallaki imel ɗinsa da kansa, ya iya ɗaukar hoton takarda ya mayar da ita PDF ya rage nauyinta, ya iya rubutu da lissafi a manhajoji irin su Google Docs da Sheets, ya iya bambance shafin gaskiya da na bogi. Waɗannan duka ana iya fara su a wayar Android. Mai son rubutu da Hausa ma zai iya saka madannan Hausa a Gboard ya samu ƙ, ɗ da ɓ ba tare da wahala ba.

Inda gizo ke saƙar

Horon kwana uku a otal, a raba takardar shaida da kuɗin mota, ba ya sauya komai idan ma'aikaci ya koma ofishin da babu kwamfuta ko babu wuta. Abin da ba a aiki da shi, cikin wata guda an manta. Haka makarantar da aka kai wa kwamfutoci aka kulle a ɗaki don gudun kada yara su lalata.

Tsadar data na korar masu koyo ta intanet, musamman bayan ƙarin kuɗin kira da data da NCC ta amince da shi a farkon 2025. Yawancin darussan kuma da Turanci suke, alhali mai koyo da yawa a cikin birni ya fi gane bayani da Hausa. 'Yan mata da matan aure na buƙatar wuri kusa da gida da lokacin da ya dace da su, in ba haka ba za a yi ta yaye maza kawai. Sannan akwai wanda tsohon tsari ke yi wa daɗi, wanda ɓatan fayil shi ne hanyar cin abincinsa. Irin wannan ba rashin ilimi ke damunsa ba, kuma sai shugabanni sun tsaya tsayin daka.

Kafin a cike kowane fom

'Yan damfara na bin sawun waɗannan shirye-shirye. Yawancin shafukan gwamnatin Najeriya na ƙarewa ne da .gov.ng, kuma neman shiga 3MTT kyauta ne. Duk saƙon da ya ce a biya kuɗin fom, ko a turo lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya aiko ta saƙon waya, ko a tura wa mutum ashirin kafin a samu gurbi, tarko ne. Wanda ya manta lambarsa ta NIN zai iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, ba sai ya ba wani wayarsa ba.

Kasuwar Kurmi ta haura shekara 500 tana ci, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma ta ga wuri, ta ga sulalla, ta ga takardar naira. A lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, 'yan kasuwar da ke da asusu kuma suka iya duba shigar kuɗi a waya sun ci gaba da ciniki, sauran kuwa sai da suka nemi 'ya'yansu su koya musu. Matashin da ya ware rabin awa a rana daga cikin lokacin kallon bidiyo ya koyi abu ɗaya mai amfani, shi ne gobe za a nema a gida, a shago da kuma a ofis.