Zaɓen Littattafan Jagora don Kwas ɗin Nazarin Halittu a Daji

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kwasa-kwasan da muka ba da shawarar a sanya cikin manhajar Hausa akwai na fita daji, inda ɗalibai za su ga itatuwa da tsuntsaye da namun dawa ido da ido, su kuma koyi sunayensu. Dalilinmu shi ne, ɗalibin da ya tashi a kudancin ƙasar nan yakan ci karo da gawo ko shamuwa a karin magana da waƙa, alhali bai taɓa ganinsu ba. Sai dai nasarar kwas ɗin ta rataya ne kan littafin da ke hannun ɗalibi, domin sunan da ya koya a karkace shi zai kai wa nasa ɗaliban gobe.

2.0 Ma'aunan Zaɓe

Ma'auni na farko shi ne yanki. Littafin da aka rubuta don gabashin Afirka yakan nuna jinsunan da ba su rayuwa a nan. Don haka, a ɓangaren tsuntsaye mun fifita Birds of Western Africa na Borrow da Demey, wanda ya fara fitowa a 2001, saboda zane-zanensa masu launi.

Na biyu shi ne sunayen Hausa. Yawancin littattafan da ke da hotuna ba su kawo su, waɗanda kuma suka kawo su ba su da hotuna. A Hausa Botanical Vocabulary na J. M. Dalziel, wanda aka buga a 1916, taska ce ta sunayen tsirrai, amma rubutunsa ya riga daidaitacciyar ƙa'idar yau. Wajibi ne malami ya tantance kowane suna da ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Na uku shi ne shekarun littafi, domin sunayen kimiyya suna sauyawa. Gawo, wanda tsofaffin littattafai suka kira Acacia albida, yanzu Faidherbia albida ne; kaɗanya kuwa ta tashi daga Butyrospermum ta koma Vitellaria paradoxa. In ba a faɗakar da ɗalibi ba, sai ya ɗauka itace biyu ne daban.

Na huɗu shi ne nauyi da tsada. Manyan ayyuka irin su Trees of Nigeria na Keay, na 1989, da The Mammals of Nigeria na Happold, na 1987, wurinsu ɗakin karatu ne, a duba su kafin fita da bayan dawowa.

3.0 Dacewa da Wuri da Lokaci

Littafi yana bin wurin da za a je. Masu nufin Yankari a Jihar Bauci sun fi bukatar bayani kan giwa da ɓauna da gwanki. Masu nufin dausayin Haɗejiya da Nguru kuwa, na tsuntsayen ruwa za su riƙa, musamman da hunturu, lokacin da baƙin tsuntsaye ke zuwa daga Turai. Haka nan, shamuwa da farkon damina ake ganinta, gawo kuma da damina yake kakkaɓe ganyensa, ya yi kore da rani. Wanda bai san wannan ba zai nemi abu a lokacin da babu shi.

4.0 Shawarwari

Muna ba da shawarar kowace makaranta ta shirya ɗan ƙaramin kundi na jinsunan da ba su wuce 50 ba, kowanne da hotonsa, da sunansa na Hausa, da na kimiyya, da na harshen ɗalibi. A nuna bambancin karin harshe, kamar bagaruwa da gabaruwa, a kuma bayyana inda suna ɗaya ya haɗa jinsuna da dama, kamar kurciya. A yi alama ga tsirrai masu cutarwa, irin su zaƙami da tumfafiya mai ƙaron da ke illata ido. Daga ƙarshe, a bar shafuka fanko, domin abin da maharba da makiyaya da masu maganin gargajiya za su faɗa wa ɗalibai a wurin ya shiga bugu na gaba.