Hasumiyar Big Ben da Lokacin da Ake Bi a Kano

Kafin zuwan jirgin ƙasa, mutanen Kano ba su da bukatar a raba musu yini minti-minti. Fatake da Buzayen da ke sauke raƙumansu a Fagge, a bayan ganuwa, suna yin alkawari ne da hantsi, ko walaha, ko bayan la'asar, ladani kuwa inuwa yake dubawa. Sa'ad da hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka domin akawuna da ma'aikatan reluwe da suka zo daga kudu, sai wani irin lokaci ya shigo, wanda ba ya jiran kowa, kuma ba daga ranar Kano aka auno shi ba. Asalinsa Ingila ne, alamarsa kuwa da duniya ta fi sani ita ce hasumiyar agogon da ke jikin majalisar dokokin Ingila a Landan, wadda ake kira Big Ben. Ta rediyo aka san muryarta, gama BBC ta soma watsa bugunta ran 31 ga Disamba 1923, ta kuma buɗe sashen Hausa a 1957.

Sunan nan na ƙararrawar ne, ba na ginin ba. Hasumiyar kanta an raɗa mata suna Elizabeth a 2012. Dalilin gina ta kuwa gobara ce, wadda ta cinye tsohuwar fadar Westminster a watan Oktoba 1834. Charles Barry aka ba aikin sabon gini, amma fasalin hasumiyar na Augustus Pugin ne, wanda ya rasu a 1852 bai ga an gama ba. Tsawonta ƙafa 316 ne, watau kimanin mita 96. Ƙasanta tubali ne aka lulluɓe da dutse, ƙoƙuwarta kuwa ƙarfe, mai hawa zuwa ɗakin ƙararrawa sai ya taka matakala 334. Fuskokin agogon huɗu ne, faɗin kowace kimanin mita 7, an yi su da farin gilashi don a haska su daga ciki da dare. Hannun minti kaɗai tsawonsa ƙafa 14.

Girman nan shi ne ya kawo wahala. George Airy, babban masanin taurari na Greenwich, ya kafa sharaɗi cewa bugun farko na kowace awa kada ya kuskure da fiye da sakan ɗaya, kuma a riƙa aika labarinsa Greenwich ta wayar tangaraho sau biyu a yini don a gwada. Maƙeran agogo da yawa suka ce ba ya yiwuwa, kuma suna da hujja. Agogon irin wannan nauyi ne ke tafiyar da shi: ana rataye manyan ƙarafa, suna sauka sannu a hankali, suna juya ƙafafu masu haƙora, su kuma su juya hannuwa. Abin da ke tsare su kada su zarce da gudu shi ne lilon agogo, watau doguwar sanda mai nauyi a ƙasanta, wadda ke kaiwa da komowa. A agogon da aka saba, ƙafa mai haƙora ita ke tura lilon kai tsaye. To, hannu mai ƙafa 14 yana waje, iska na dukansa, ƙanƙara na kwanta masa. In iska ta taimake shi turin ya yi ƙarfi, in ta tare shi turin ya yi rauni, lilon kuwa ya rikice.

Wanda ya warware wannan ba maƙeri ba ne, lauya ne mai sha'awar agogo, Edmund Beckett Denison. Dabararsa ita ce ya raba lilon da ƙafafun gaba ɗaya. Ya sa 'yan sanduna biyu, ɗaya a kowane gefen lilon. Aikin ƙafafun kawai su ɗaga sanda zuwa wani ƙayyadadden wuri ta maƙale. In lilon ya iso sai ya kwance ta, ta biyo shi tana faɗowa da nauyin kanta, ta tura shi, a lokacin kuwa ƙafafun sun ɗaga 'yar'uwarta a ɗaya gefen. Nauyin sanda ba ya sakewa, tsawon faɗuwarta ba ya sakewa, saboda haka ko ana guguwa ko iska ta kwanta, turin da lilon ke samu ɗaya ne. Edward Dent ya soma ƙera agogon, da ya rasu a 1853 sai Frederick Dent ya ƙarasa a 1854, ya soma aiki a hasumiyar ran 31 ga Mayu 1859. Lilon nauyinsa kimanin kilo 300 ne, yana bugawa bayan kowane sakan biyu, ana kuma wana agogon sau uku a mako.

Gyaran saurinsa da kwabo ake yi. Akwai 'yar ma'ajiya a jikin sandar lilon, can sama, inda ake ɗora tsofaffin kwabban Ingila irin na kafin 1971. Ƙarin kwabo ɗaya yana sa agogon ya yi gaba da kashi biyu cikin biyar na sakan a yini. A nan ɗalibai kan yi kuskure, su ce nauyin kwabon ne ya ƙara gudu. Ba haka ba ne, gama lilo mai nauyi da marar nauyi, in tsawonsu ɗaya, tafiyarsu ɗaya. Wurin da aka ɗora kwabon shi ne magana: da yake a sama yake, ya ɗan ɗaga tsakiyar nauyin lilon, sai ya zama kamar an gajarta shi, gajeren lilo kuwa ya fi dogo sauri. Malami na iya nuna wannan a aji da zare da dutse.

Ƙararrawar ba ta yi sa'a irin ta agogon ba. Ta farko, wadda aka zuba a 1856, ta tsage wajen gwaji a 1857. Aka narkar da ita aka sāke zubawa a maƙerar Whitechapel a 1858, nauyinta tan 13 da rabi, ita ma ta tsage a watan Satumba 1859, wata biyu da soma bugu. Shekara huɗu tana shiru, sa'an nan aka ɗan juya ta don guduma ta sami lafiyayyen wuri, aka kuma sa guduma marar nauyi. Tsagar tana nan har yau, ita ce ta ba muryar ɗan karkacewar da ake gane ta da shi. Shi kuwa agogon bai tsaya ba ko a daren Mayu 1941 da bom ya ƙone zauren majalisa. Babbar ɓarnarsa ta 1976 ce, sa'ad da wani ƙarfe ya gaji ya karye, injin ƙananan ƙararrawa ya tarwatse. An yi wa hasumiyar babban gyara daga 2017 zuwa 2022.

Sai dai a lura, Big Ben ba shi ke yanke lokaci ba, mai shela ne kawai. Ma'aunin yana Greenwich, wanda taron ƙasashe a Washington ya amince a 1884 a riƙa ƙidaya layukan duniya daga gare shi. Nijeriya ta tsayar da agogonta awa ɗaya gaba da Greenwich a 1919, shi ya sa masu sauraron rediyo suka saba jin ana bambanta agogon GMT da agogon Nijeriya da Nijar. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa, da yake Ingila na tura nata agogon gaba da awa ɗaya, abin da fuskar Big Ben ke nunawa shi ne daidai abin da agogon mai kanti a Kwari ko kasuwar Sabon Gari ke nunawa.

Wannan awa ɗaya ta dace ne da layin digiri 15 gabas da Greenwich, wanda ya ratsa ta wajen Njamena. Kano kuwa tana kan digiri 8 da rabi. Rana tana cin minti 4 kafin ta ƙetare digiri ɗaya, saboda haka agogon Kano ya riga ranar Kano da kimanin minti 26. Har wa yau, tafiyar duniya a kewayen rana ba bai ɗaya ba ce cikin shekara, don haka tsayuwar rana tsaka a Kano takan faɗo wajen ƙarfe 12 da minti 10 a farkon Nuwamba, ta kai wajen 12 da minti 40 a tsakiyar Fabrairu. Wanda ya ɗauka zawali shi ne ƙarfe 12 daidai, ya tayar da azahar a kan haka, ya yi salla kafin lokacinta a kowace rana ta shekara. Wannan ne dalilin da ya sa jadawalin lokutan salla na Kano ba ya yi wa Sakkwato ko Maiduguri aiki, ko da yake agogonsu duka ɗaya ne: zawali yana riskar Maiduguri kimanin minti 18 kafin Kano, Sakkwato kuwa sai bayan Kano da kimanin minti 13.